Me ya sa talakan Amurka ke ƙin harajin da shi zai ci moriyarsa?

Dan_Fagge:

Salamu alaikum 'yan uwa. Wani abu ne ya ɗaure min kai tun jiya nake ta juya shi, na ce bari in kawo nan ko da mai warware min, musamman ku da ke zaune can.

A 2003 gwamnan jihar Alabama, Bob Riley, ɗan Republican ne fa, ya kawo tsarin haraji na dala biliyan 1.2. A lokacin iyali mai mutum huɗu da zarar abin da suke samu a shekara ya kai dala 4,600 sun fara biyan harajin kuɗin shiga, wanda ko a can wannan talauci ne tuburan. Shi ya ce a ɗaga iyakar zuwa wajen dala 20,000, a sauke wa talaka nauyi a ɗora wa masu hannu da shuni da kamfanonin katako da suka mallaki dazuzzukan jihar suna biyan abin da bai taka kara ya karya ba, kuɗin kuma a zuba a makarantu. Har cewa ya yi addininsa na Kirista ne ya sa shi. Aka je ƙuri'ar raba gardama a watan Satumba, mutum biyu cikin kowane uku suka ce ba sa so, kuma Alabama ba jihar attajirai ba ce balle a ce masu kuɗi ne kaɗai suka kayar da shi.

Na ce to ƙila abin na 'yan kudu ne. Sai ga jihar Washington a 2010, an ce a saka haraji kan wanda ke samun sama da dala 200,000 a shekara kawai, mahaifin Bill Gates da kansa ne ke tallata abin, nan ma kusan kashi 64 cikin 100 suka yi watsi da shi.

To jama'a mene ne wannan? Jahilci ne, ko asiri aka yi musu, ko akwai abin da ban gani ba? Don ni dai in aka ce za a karɓa daga hannun mai kuɗi a gyara makarantar ɗana, wlh kafin asuba ina kan layi.

Mai_Tirela_Ohio:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Asirin nan ya ba ni dariya. Ni shekarata tara ina jan babbar mota a nan kuma mutanen da kake magana a kai su ne abokan aikina, tare muke cin abinci a tashar manyan motoci, don haka bari in faɗa maka yadda nake ganinsu ba yadda jarida ke rubutawa ba.

Takardar albashi ita ce farkon magana. Duk sati biyu kana buɗewa ka ga an yanki na tarayya, an yanki na jiha, a nan Ohio har birni ma yana da nasa harajin, sannan ga kashi 7.65 na fanshon tsufa da asibitin tsofaffi wanda wannan ko dala ɗari ka samu sai an cire. Wannan a rubuce yake da lamba, idonka na gani. Amfanin kuwa babu mai aiko maka takarda ya ce ga abin da ka samu. Hanya ce kake bi, makaranta ce yaro ke zuwa, mutum bai ɗauke su a matsayin abin da aka ba shi ba. To in ka zo ka ce masa za a ƙara haraji amma ba kai za a ƙara wa ba, kalmar farko kaɗai yake ji.

Akwai wani Bature da muka yi shekara uku a kamfani ɗaya, ɗan gabashin Kentucky, babansa da kakansa duk haƙar kwal suka yi. Wata rana muna jiran lodi ya ciro wayarsa ya nuna min takardar harajinsa ta wata shekara da ya yi ba shi da inshorar lafiya, an ci shi tarar dala 695 ƙarƙashin dokar inshorar lafiya ta Obama. Ya ce min duba nan, albashina ya wuce a ba ni Medicaid kyauta, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, inshorar da zan iya saya kuma sai na kashe dubbai daga aljihuna kafin ta fara biya min komai, na ce ba zan saya ba sai aka ci ni tara, ga ɗan uwana can yana zaune a gida ba ya aikin fari balle na baƙi, katinsa na asibiti kyauta ne. Fuskarsa har ja ta yi yana maganar. Na ce masa ai ƙanwarka da ka ce tana da ciwon suga da wannan dokar take samun magani, ya ce a'a ita Kynect take da shi. Kynect ɗin nan fa sunan da jihar Kentucky ta saka wa dokar Obama ne kawai, abu ɗaya ne. Ban ja da shi ba don a lokacin ina sabo. Kuma a 2015 jihar ta zaɓi Matt Bevin wanda ya fito fili ya ce zai rufe Kynect ɗin, alhali sama da mutum dubu 400 sun samu Medicaid ta dalilin faɗaɗawar da gwamnan da ya gabace shi ya yi.

Sannan mutanen nan ba sa son a kira su talakawa, ko kaɗan. Mutum na zaune a gidan kwano mai taya, motarsa ta bashi ce, amma in ka tambaye shi zai ce shi matsakaici ne, kuma burinsa ya sayi tasa tirelar ya zama mai kamfani. Karɓar tallafi abin kunya ne a wurinsu kamar yadda magidanci a wurinmu zai ji a gan shi a layin sadaka.

Ga kuma rediyo. Direba awa goma sha ɗaya doka ta ba shi ya yi tuƙi a rana, shi kaɗai a cikin mota. Kafin mai shirin rediyon nan Rush Limbaugh ya mutu a 2021 awa uku yake yi kullum yana magana, kuma zancen ɗaya ne, gwamnati ɓarauniya ce tana kwashe guminka tana ba malalata. Shekara talatin ana zuba maka wannan a kunne ko dutse ne kai sai ya huda ka.

Malama_Samaru:

Dan_Fagge ni inaga tambayar taka ce ke da ɗan gyara, ka yi haƙuri. Ka ɗauko misali biyu inda suka ƙi, ka bar inda suka karɓa.

A zaɓen 2020 Trump ya ci Florida da kashi 51, a kan takardar ƙuri'a ɗaya kuma kusan kashi 61 suka amince a kai mafi ƙarancin albashi dala 15 a awa. Ka ga kenan mutum ɗaya ya dangwala wa Trump ya sauko ƙasa ya dangwala wa ƙarin albashi. Idaho da Utah da Nebraska sun amince da faɗaɗa Medicaid a 2018, Oklahoma da Missouri a 2020, South Dakota a 2022, duk jihohin Republican ne kuma duk ta ƙuri'ar jama'a ne bayan 'yan majalisunsu sun ƙi. A Missouri ma bayan jama'a sun amince 'yan majalisa suka ƙi ware kuɗin sai da kotun ƙolin jihar ta tilasta a 2021. To in aka ajiye musu abin tsirararsa ba sunan jam'iyya a kai, suna karɓa. Abin da ba sa karɓa biyu ne, kalmar haraji da kuma jam'iyyar Democrat.

Kuma ruwa ba ya tsami banza. West Virginia ta zaɓi Bill Clinton har sau biyu, 1992 da 1996, jihar 'yan ƙwadago ce ta gidi. A 2016 ta ba Trump kusan kashi 68. Me ya faru a tsakani? Yarjejeniyar cinikin NAFTA ta fara aiki a 1994 a zamanin Clinton ɗin da suka zaɓa, China ta shiga ƙungiyar cinikayya ta duniya a 2001, ma'aikatan masana'antu a Amurka suka sauko daga wajen miliyan 17 a 2000 zuwa ƙasa da miliyan 12 a 2010. Garuruwa suka mutu a tsaye. Mutumin da ke da aiki mai albashi da fansho aka ce masa ga katin abinci ga horon kwamfuta. Shi kuma aikinsa yake so ba kati ba. Sai Hillary Clinton ta zo a 2016 ta yi suɓutar baki ta ce za su raba masu haƙar kwal da aikinsu, eh ta ci gaba da cewa za a kula da su amma wa ya tsaya jin sauran?

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne mutuwar ƙungiyoyin ƙwadago. A shekarun 1950 kusan ɗaya cikin uku na ma'aikata ɗan ƙungiya ne, yanzu ɗaya cikin goma ne, a kamfanoni masu zaman kansu ma wajen kashi 6. Ƙungiya ita ce wurin da wani naka, wanda kuke aiki tare, zai zaunar da kai ya ce wannan dokar ga abin da za ta saka a aljihunka ga abin da za ta cire. Da ta tafi sai coci da rediyo suka gaji kujerar.

Gaskiya_Daci:

Duk kuna ta kewaye-kewaye kamar mai neman aure. Ku faɗi abin da sunansa mana, launin fata ne. Baƙaƙen fata ma'aikata ai ba sa zaɓar masu yanke tallafi, mafi yawansu Democrat suke yi, don haka in an ce talaka yana zaɓar abin da zai cuce shi, talakan Bature ake nufi. Tun 1976 Reagan yake yawon kamfe da labarin wata mata a Chicago mai damfarar kuɗin tallafi da sunaye barkatai, bai ce baƙa ba ce amma kowa ya gane. Daga nan aka ɗaura wa tallafi baƙar fuska, yanzu kuma an ƙara da ta 'yan ci-rani. Ku duba jihohin da har yau suka ƙi faɗaɗa Medicaid, Texas, Florida, Georgia, Mississippi, Alabama ɗin da aka fara da ita, yawanci kudu ne inda aka yi bauta. A fasa kowa ya rasa ce kawai. Gara ya rasa asibiti da dai wancan ya samu.

Mai_Tirela_Ohio:

Gaskiya_Daci akwai wannan, ni da nake baƙi kuma Musulmi ba sai an ba ni labari ba. Amma mutumin da na ba ku labarinsa ɗan uwansa yake jin haushi, Bature ɗan uwansa na jini, a ƙauyen da in ka ga baƙin mutum to baƙo ne. Kuma a 2024 'yan asalin Latin Amurka da yawa sun koma wa Trump, har a garuruwan bakin iyakar Texas. Launi yana ciki amma bai cinye zancen ba.

Baba_Tsohon_PRP:

Yarana sannunku da muhawara. Ni ban taɓa zuwa Amurka ba amma wannan ciwon na san shi, don a gabana aka yi.

Ina yaro na ga yadda ake karɓar haraji da jangali. Dagaci zai zo da dogarai, wanda bai biya ba a zaunar da shi a rana a gaban matansa da 'ya'yansa, wani ya sayar da akuyar da ta rage masa, wani ya gudu ci-rani sai an gama. Ba wanda ya taɓa nuna mana rijiya ya ce da kuɗinku aka haƙa. Shi ya sa da Abubakar Rimi ya hau a 1979 ya soke haraji da jangali a Kano, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna, talakawa suka yi ta murna kamar sallah. To ka lura, jam'iyyarsu ta PRP ta talakawa ce fa, kuma babban abin alfaharinta shi ne soke haraji ba ƙarawa ba. Don haka kar ka yi mamakin wani talaka a wata ƙasa in ya ji haraji ya ja da baya. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Dan_Fagge ka ce kafin asuba kana kan layi. To bari in tambaye ka. Sabuwar dokar harajin da Tinubu ya saka wa hannu a watan Yunin 2025 ta ce naira dubu 800 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kai. A takarda wannan sauƙi ne ga mai ƙaramin ƙarfi. Tun da gwamnonin arewa suka taru a Kaduna a Oktoban 2024 suka ce ba su yarda ba saboda yadda za a raba kuɗin VAT, talaka nawa ka ji ya fito yana kare dokar? Kai kanka ka fito? Na tabbata ba ka fito ba, kuma ban ga laifinka ba. An ce mana tallafin mai masu kuɗi da 'yan fasa-ƙwauri ke cinyewa, a cire a yi mana asibiti da makaranta, aka cire ran 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce dubu. An daɗe ana ce mana gafara sa ba mu ga ƙaho ba. Cirewar nan take ake yi, amfanin kuma sai an kafa kwamiti.

Malama_Samaru:

Baba Allah ya ƙara girma, ka taɓo inda gizo ke saƙar. Kuma a Washington ɗin da Dan_Fagge ya kawo da wannan hujjar aka kayar da abin, masu adawa ba su ce a tausaya wa attajirai ba, cewa suka yi yau dala 200,000 ne amma bayan shekara biyu majalisa na da ikon sauko da shi kan kowa. Illinois ma haka a 2020, an ce sai mai samun sama da dala 250,000 za a ƙara wa, attajiri Ken Griffin ya zuba sama da dala miliyan 50 a talla cewa in aka buɗe ƙofar nan kuɗin 'yan fansho ne na gaba, gwamna Pritzker shi ma ya zuba nasa miliyoyin, ƙarshe aka kayar. Kuma tsoron ba na banza ba ne gaba ɗaya, harajin kuɗin shiga na tarayya da aka fara a 1913 'yan tsirarun masu kuɗi kawai ya shafa, yaƙin duniya na biyu ya maida shi na kowa da kowa, tun 1943 ake yanke shi daga albashi kafin ya iso hannu.

Sai dai Baba ba zan wanke su tas ba. Akwai inda wasa da hankali ne zalla. Harajin gado na tarayya sai dukiyar mamaci ta haura dala miliyan 13 a 2024 kafin ya taɓa ta, amma da aka laƙaba masa suna harajin mutuwa sai ka ji mai wankin mota yana tsine masa. A Kansas kuma gwamna Sam Brownback ya zaftare haraji a 2012, kuɗin makarantu da na hanyoyi suka yi ƙasa, duk da haka suka sake zaɓarsa a 2014, sai a 2017 'yan jam'iyyarsa da kansu suka soke abin a majalisa bayan ya hau kujerar na-ƙi.

Dan_Maradi_Lyon:

Gaisheku. Ni ina Faransa lokacin zanga-zangar masu riguna ɗorawa a Nuwamban 2018, a gaban idona sunka toshe shataletale. Abin da ya tada su ƙarin lanho ne, wato haraji, bisa man mota wai don kare muhalli, alhali a farkon shekarar nan Macron ya soke harajin dukiya na manyan masu kuɗi. Mutumin ƙauye da ba jirgin ƙasa ba bas, sai ya yi kilomita 40 da tsohuwar mota kafin ya kai wurin aiki, shi aka ce ya biya. Waɗannan ba haraji sunka ƙi ba, da yawansu kuka suke a maido da na masu kuɗin. Cikin Disamba gwamnati ta janye ƙarin.

Ummu_Hanan:

Ni tambaya ɗaya gare ni ga mai tambayar. A ce ɗan takara ya zo ya ce zai ninka maka albashi ya ba 'ya'yanka asibiti kyauta, amma zai kawo dokar da ta ci karo da addininka kai tsaye, za ka zaɓe shi? In amsarka a'a ce to ka fahimci matar da ke Alabama da ta yarda har zuciyarta cewa zubar da ciki kisan kai ne. Ita ba ta ga ta yi asara ba, gani take ta sayi lahirarta. Kuma abin da ke ba ni mamaki, in likita ko lauya mai kuɗi ya zaɓi wanda zai ƙara masa haraji sai a ce mai aƙida ne, in talaka ya bar kuɗi saboda tasa aƙidar sai a ce an yi masa asiri.

Dan_Fagge:

Hajiya kin ɗaure ni da jijiyata, ba zan zaɓe shi ba gaskiya. Baba kai ma ka kama ni, ban fito ba, hasali ma ina cikin waɗanda suka yi ta zagin dokar a Facebook ban karanta ko shafi ɗaya ba. Amma har yanzu Alabama ɗin na nan tana min yawo a kai, don shi Riley ɗan cocinsu ne ɗan jam'iyyarsu, ba maganar zubar da ciki ba maganar bindiga, da Baibul ɗinsu ya roƙe su suka ƙi, kuma bayan shekara uku suka sake zaɓarsa gwamna. Mai_Tirela in ka sake haɗuwa da mutumin naka ɗan Kentucky don Allah ka tambayar min shi ko ya gano Kynect da dokar Obama abu ɗaya ne.

Mai_Tirela_Ohio:

Ya bar kamfanin tun bara, ya ci bashi ya sayi tasa motar. Amma ina da lambarsa, mukan gaisa. Yanzu dai an kira ni lodi ya kammala, ina da Indianapolis kafin magariba, in na sauke zan buga masa.